Yadda Jatau Ya Hau Mokola da Baya

Jannat jikata, zauna nan ki rubuta. Yadda na faɗa haka za ki sa, kar ki gyara mini baki irin naku na makaranta. Tun da bidiyon nan ya shiga wayoyin mutane kowa dariya yake, wai ga wasu tsofaffi biyu sun zare a hawan Mokola. To ni ne ɗaya, ni Ɗanliti mai wankin hula, wanda ya durƙusa a kujerar baya yana ihu. Ɗayan, mai riƙe da sitiyari, shi ne Jatau bakanike, kuma shi nake so a san ko waye. In an sani sai a ci gaba da dariyar, don wallahi ni ma in na tuna sai haƙarƙarina ya yi ciwo.

Jatau ɗan Malumfashi ne. Ya sauko Ibadan a bayan motar goro shekarar da aka canza hannun tuƙi, yana saurayi, daga shi sai riga ɗaya da wani sifana da ya tsinta a Jebba. Wani Bayarabe bakanike a Mokola ya karɓe shi, ya yi shekara bakwai a hannunsa har aka yi masa firidom, aka yi shinkafa aka yi kiɗa kamar yadda Yarabawa suke yaye yaransu. Daga nan ya buɗe gareji a nan Sabo, jikin rumfata. Shekara arba'in da wani abu duk hular da na shanya sai ta sha hayaƙinsa. Akwai Alhajin da ya ce mini ko a Makka ya ji ƙanshin hulata ya san daga Sabo take.

Gwanintarsa kafireta ce. Ku ba ku san ta ba, wata 'yar tukunya ce a kan tsohon inji, ita take haɗa mai da iska. Jatau da kunne yake gyara ta, da baki kuma. In mai ya ƙi zuwa sai ya cire tiyo ya kafa baki ya zuƙa, ya kurɓa ya tofar, ya ce, "Wannan an haɗa shi da kananzir, ina ka sha shi?" Kuma haka ne. Matarsa, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Allah ba ta taɓa yarda ya hura mata wuta ba. Abin da yake alfahari da shi a duniya ɗaya ne: wai motar da ta fita daga hannunsa ba a taɓa ɗaura mata igiya ba, ba a taɓa tura ta ba. Ni dai na san sau biyu, amma kar ki rubuta wannan. Kin riga kin sa? To bar shi.

Yana da mota tasa ta kansa, Fijo 404, shuɗiya. Wani dillalin goro da yake wa aiki ne ya bar masa ita lokacin da ya sayi sabuwa. Da ita ya yi kabu-kabu daga Sabo zuwa Ojoo zuwa Shasha, da ita ya ciyar da 'ya'ya shida. Shuɗiya muke ce mata. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce injinta ya buga, ya ajiye ta a bayan gareji ya ce sati mai zuwa. Kaji suka yi ƙwai a ciki, ni ma a kan rufinta nake shanya huluna.

Ana nan sai masu filin garejin suka ce za su gina shaguna, sun ba da wata biyu kowa ya kwashe nasa. Jatau bai damu da garejin ba, don motocin yanzu ba sa zuwa wajensa, sai dai a kai su inda ake jona musu kwamfuta. Damuwarsa Shuɗiya. Akwai wani Manniru ɗan gwangwan, mai sayen tsohon ƙarfe, tun ranar da ya ji labari ya fara zuwa gaisuwa. Zai zo ya ce, "Baba, ina kwana," amma idonsa na kan motar, yana ƙwanƙwasa ƙofarta da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana.

Wuri ɗaya ne za a iya ajiye ta, gidan babbar 'yarsa Ramlat a Ojoo, wadda take sana'ar albasa a Shasha. Ta zo garejin ranar wata Lahadi, ta zagaya motar, wata kaza ta fito ta taga.

Ta ce, "Baami," haka take kiransa, Babana ke nan da Yarabanci, "gidana ba bola ba ne fa."

Ya ce, "Bola? Wannan motar ce ta kai uwarki asibiti ranar da aka haife ki."

"Na ji, na gode mata. Ga magana ɗaya. In ta shigo get ɗina da ƙafarta, ba igiya, ba turi, ni zan yi mata rumfar kwano. In kuwa sai an ja ta, to Manniru ya ja ta gaba ɗaya a huta. Baba Ɗanliti, kai ne shaida."

Na ce ni abokinsa ne, ba za a yarda da ni ba. Manniru da ke gefe ya ce shi zai yi shaidar kyauta.

Ramlat ba muguwa ba ce, ita ta saya masa injin ma, don kar ya ce ba ta taimaka ba. Sai dai irin injin Shuɗiya sun zagaye kasuwar Gate ta kayan gyaran mota kaf ba su samu mai rai ba. Abin da aka samu tokunbo ne, wato na hannu daga Turai, na zamani, wanda ba shi da kafireta sam, allurai huɗu ne suke fesa masa mai. Da aka sauke shi Jatau ya zagaya shi sau uku yana neman tukunyar. Ya ce, "Ɗanliti, wannan ba shi da ciki. Ta ina yake cin abinci?"

Ɗora injin da haɗa shi da giya ya ci sati huɗu. Wayoyin wuta kuwa Mu'inuddeen mai wayarin ne ya yi, haifaffen Sabo, mutum mai 'ya'ya biyar da furfura a gemu, amma Jatau har yau yaro yake ce masa. Da ya gama ya ce, "Baba, maganar mai fa, wannan injin ba kamar..."

Jatau ya ɗaga hannu. "Wuta taka ce. Mai nawa ne. Ina shan fetur tun ba a yi wa ubanka kaciya ba."

Mu'inuddeen ya ce, "No wahala, Baba," ya tattara kayansa.

Aikin farko wanke tanki. Shekara goma sha ɗaya, cikinsa duk tsatsa. Muka sauke shi, ya zuba tsakuwa da kananzir ya toshe, ya kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muna jijjigawa. Kacau-kacau, kacau-kacau. Mata masu wucewa suka tsaya, wata Bayarabiya mai sayar da tuwon amala ta ajiye kwanonta ta taka mana rawa. Kwana biyu muna wannan kiɗan kafin ruwan ya fito fes.

To ki saurara nan, don nan ne abin yake. Tsohon inji da kansa yake zuƙo mai daga tanki. Wannan sabon kuwa sai an sa masa famfo na lantarki a ƙarƙashin mota, kusa da tanki, kuma famfon ba ya iya zuƙa sosai, turawa ya iya. Don haka Jatau ya huda tankin a ƙasa, ta gefen gaba, wajen da ya fi kusa da famfon, aka yi masa walda. Ya sa matata ɗaya kafin famfo, ɗaya bayansa. Aiki mai kyau, ko Mu'inuddeen da ya leƙo ya gyaɗa kai.

Ranar da za a gwada, ya zuba mai, ya ce in shiga in riƙe makulli. Shi kuma ya cire tiyo daga jikin inji ya kafa baki zai zuƙo, kamar yadda ya yi shekara hamsin. Ta cikin tiyon ya yi wata magana, "Mmm-mm." Ni na ɗauka cewa ya yi in murɗa. Na murɗa.

Jannat, famfon nan ba ya wasa. Sai na ji fuuu! Hular Jatau ta tashi. Fetur ta hanci, fetur ta gemu, tiyo ya kuɓuce yana rawa a sama kamar maciji yana feshin rumfata, hulunan mutane goma sha biyu da na gama gogewa. Jatau na tsalle yana tofi yana cewa, "Kashe! Kashe, ɗan banza!" Mai tsiren da ke tsallake ya ɗauki bokitin ruwa ya kashe wutarsa da kansa ya ruga. Da aka natsu Jatau ya zauna a kan taya, idonsa jajir, ya lashe leɓe ya ce, "Man dai mai kyau ne."

Daga ranar bai ƙara sa baki a tiyo ba. Tsofaffin tiyon ma duk ya zubar, don na farko da ya ɗaura ya kumbura kamar hanjin rago ya fashe. Ya koma Gate ya sayo masu kauri, masu zare a ciki, da maɗauran ƙarfe masu noti.

Sai kuma rigimar tiyo na biyu. A jikin sabon injin akwai wani baki da yake maida ragowar mai tanki. Jatau ya ce wannan shirmen Turawa ne. "Man da ya riga ya tafi, me zai dawo yi? Mantuwa ya yi?" Ya samo noti ya toshe shi. Motar ta tashi kuwa, amma da wani baƙin hayaƙi da ya sa ladanin masallacinmu ya fito da tari, sannan ta shaƙe ta mutu. Kwana uku yana zagin injin da Hausa da Yarabanci. Rana ta huɗu na gan shi a ƙarƙashin mota shiru, yana shimfiɗa bututu na biyu daga inji har tanki. Na ce, "Ashe man ya yi mantuwar?" Ya jefe ni da sifana.

Da ya murɗa makulli a wannan karon, sai muka ji shiru. Ya ce ba ta tashi ba. Na ce ka taɓa bonet. Ya taɓa, yana rawa a hankali kamar kyanwa tana barci. Wallahi sai ga Jatau yana rawa a tsakar gareji, tsoho ɗan shekara saba'in, yana juyi da tsumman mai a hannu. Muka yi ta kai ta gaba muna dawo da ita baya a cikin filin, sau ashirin ko fi, ko tari ba ta yi ba. Filin garejin kuwa a shimfiɗe yake kamar faranti. Ba mu fita titi ba, don ranar Juma'a ce, washegari wa'adi ya cika.

Saura abu ɗaya ki sani. Agogon man Shuɗiya bai taɓa aiki ba tun tana hannun dillalin goro. Da sandar dogonyaro Jatau yake aunawa, kuma man da yake zubawa bai taɓa wuce yatsa huɗu ba. Direbobin zamaninsu duk haka suke, ka sha na zuwa, in ka sauke fasinja ka sha na dawowa. Saman tankin ma tsatsa ta cinye shi, in mai ya yi yawa zuba yake, ya sani, bai damu ba. Na ce ko za a like? Ya ce, "Wa yake cika tanki in ba direban gwamnati ba?"

Asabar da hantsi muka fito. Sabo kaf ta fito kallo. Jatau ya sa farar riga, ni na sa hular da ta fi kowace tsayi. Manniru ya hau okada ya biyo mu, da igiya a naɗe a kafaɗa kamar mai zuwa kasuwar shanu. Shuɗiya ta ratsa unguwa tana sheƙi, yara na bin ta, Jatau na danna hon yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Ya ce, "Ɗanliti, ka ji? Taɓa ta kaɗan nake, tana neman tashi sama!"

Muka kama hawan Mokola. Rabin farko kamar ana jan mu da ƙugiya. Daidai wajen wata mata mai gasa ayaba sai motar ta yi tari, ta yi na biyu, ta mutu. Famfon a ƙarƙashinmu yana kuka kamar sauro. Ya murɗa, ya murɗa, ba labari. 'Yan tasi a bayanmu suka cika duniya da hon. Ya saki birki a hankali muka gangaro da baya har ƙasa. Muna isa shimfiɗaɗɗen wuri ya murɗa, ta tashi tas kamar ba ita ba.

Ya ce, "Gudu ne bai isa ba." Ya ja baya ya taho da ƙarfi. Daidai mai ayaba ta sake mutuwa. Karo na uku matar har ta miƙo mana ayaba ta taga, ta ce tunda kullum nan muke tsayawa.

Manniru ya matso da okadarsa. "Baba, ba sauri nake ba. Igiya dai na nan, sabuwa ce."

Wasu samari majiya ƙarfi suka taho za su tura. Jatau ya fito da kai ya daka tsawa, "Kar wanda ya taɓa ta! E ma fowo kan!" Suka ja da baya suna cewa wannan Baban lafiyarsa kuwa.

Muka sake gangarowa. Ya kashe mota ya zauna, hannunsa biyu a kan sitiyari. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, har na daina dariya. Na miƙa masa gorar ruwan da nake sha, saura kaɗan a ciki. Ya karɓa bai sha ba. Ya kwantar da ita a tafin hannunsa, ya ɗaga bakinta sama, ruwan ya gudu gindi. Ya sunkuyar, ruwan ya dawo baki. Ya sake ɗagawa. Sai ya fashe da wata dariya har yana dukan sitiyari.

"Ɗanliti, ni ne jaki! Ka ga, hudar da na yi a gaban tanki take. In mota ta ɗaga hanci, ɗan man namu sai ya gudu baya, famfo ya sha iska. Da can kafireta tana da ɗan guzurinta a tukunya, shi yake haye da ni kowane tudu ban sani ba. Wannan marar cikin kuwa, abin da aka ba shi yanzu shi zai ci yanzu."

Na ce, "To a ƙaro mai."

"Ya zuba a titi mu kama da wuta? Ina!" Ya kalli hawan, ya kalle ni. "In hanci ya kalli ƙasa fa?"

Na ce, "Jatau, a'a."

Ya ce, "Koma baya ka durƙusa. Wuyana ba ya juyuwa, kai ne idona."

Ya juya motar a ƙasan hawan, but ɗinta ya kalli sama, ya sa ribas. Muna kan hannunmu daidai, inda kowa ya nufa nan muka nufa, sai dai mu fuskarmu tana kallon inda muka fito. Ni ina durƙushe a kujerar baya, hulata ta tokare rufi, ina leƙe ta gilashi. Dama da hagu suka rikice mana tun a taku na farko, sai na koma cewa, "Wajen gota! Wajen titi! Gota, gota, Jatau za ka kashe mu! Titi!" Giyar ribas tana wani kuka wiiii kamar injin markaɗe. Direban tasin da ke bin mu, shi da Jatau ido cikin ido, hanci da hanci. Mutumin ya saki baki. Jatau ya ɗaga masa hannu ya ce, "E ku ishe o!" wato sannu da aiki.

Muka zo wajen mai ayaba. Shuɗiya ko tari, ta wuce ta kamar ba ta taɓa saninta ba. Matar ta jefar da mafici ta ɗora hannu a ka. Ni kuma na fara kabbara da ƙarfi, shi ne ihun da kuke ji a bidiyon.

A saman hawan wani jami'in hanya ya tare mu. Ya zagaya ta gaba, ya zagaya ta baya, ya rasa ta inda zai fara. Ya ce, "Baba, una dey go abi una dey come?" wai tafiya muke ko dawowa. Jatau ya yi masa bayani da Yarabanci tiryan-tiryan, har da gorar ruwan. Mutumin ya yi dariya har ya jingina da mota, Jatau ya ce ya ɗaga, kar a ce turawa yake. Shi ya tsayar mana da motoci muka juya.

Kin san Ibadan, ba ta san shimfiɗa ba. Kafin Ojoo sau huɗu muka juya. Gangara da gaba, hawa da baya. Tun daga Sango 'yan okada suka yi mana rakiya, sun fi talatin, in sun hango tudu su suke fara ihu, "Ribas, Baba, ribas!" su tare hanya mu juya. Manniru na cikinsu. Wajen juyi na uku na hango shi yana ihun tare da su, igiya na lilo a wuyansa.

Get ɗin Ramlat yana da ɗan tudun siminti a kan gota, mai tsayi. Ta ji hayaniya ta fito da ludayi a hannu. Abin da ta fara gani but ɗin mota ne yana shigo mata gida, da fuskata a manne da gilashi.

"Baami! Kilode? Mene ne wannan?"

Ya ƙarasa shigowa tsakar gida, ya ja birkin hannu, ya bar injin yana aiki. Ya ce, "Tambayi shaidarki. An ja ta?"

Manniru ya ce, "Ba a ja ba."

"An tura?"

"Ko kaza ba ta taɓa ta ba, Hajiya. Ni dai a bar mini tsohon injin, kar in koma hannu biyu."

Jatau ya ce ya je ya ɗauka, har da kajin in ya iya kama su.

Ramlat ta zauna a bakin baranda tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Shi kuwa bai fito ba. Ya daɗe yana sauraron injin kafin ya kashe. Ni sai da mutum biyu suka ciro ni, don tun Mokola nake ta durƙuso.

A satin aka kafa rumfar kwano. Jatau da ƙafarsa ya je shagon Mu'inuddeen, ya ce, "Yaro, ranar nan ka fara wata magana." Tare suka like saman tankin, suka ƙera wani ɗan ƙaramin tanki kamar gwangwanin madara babba suka sa kafin famfo, kullum a cike, shi ne guzurin da injin ba shi da shi. Yanzu da gaba take hawa ko'ina, kuma har yau yatsa huɗu yake zuba mata. Duk Juma'a yakan zo da ita Sabo masallaci. 'Yan okadan Mokola in sun hango shuɗin nan sai su miƙe a kan babura suna "Ribas, Baba!" Yawanci hon kawai yake musu. Amma Juma'ar da ta wuce ina ciki, na ga ya rage gudu a ƙasan hawan yana kallona ta gefen ido. Na ce wallahi sai dai ka sauke ni a nan. Ya sauke ni kuwa, na hau da ƙafa, ya wuce ni da baya yana ɗaga mini hannu.